Yadda Ake Gane Fikof Ɗin Jitar Bes da Kwatanta Waɗanda Za Su Maye Gurbinsa

Fikof shi ne ƙaramar na'urar nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar bes, wadda ke ɗaukar kaɗawarsu ta mayar da ita lantarki domin amfilifaya ya samu abin da zai ƙara wa ƙarfi. Yana cikin sassan da makaɗa suka fi yawan sauyawa, kuma yana cikin waɗanda aka fi yin asarar kuɗi a kansu. Na sha yin wannan aiki a jitoci iri-iri, nawa da na wasu, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin kuskuren ana tafka shi ne tun kafin a kwance sukuru ko guda. Mutum ya ji ana yabon wani fikof, ya saya, ya zo sakawa ya tarar bai shiga raminsa ba, ko kuma ya shiga amma ƙusoshinsa, wato ƙananan kawunan ƙarfen da ke samansa masu ɗaukar sauti, sun kauce wa tsirkiyoyi. Saboda haka tsarin da nake bi, wanda kuma zan nuna maka, shi ne a fara da awo, a bi da mita, sannan a bar wa kunne hukuncin ƙarshe.

Abin da kake bukatar sani game da yadda yake aiki kaɗan ne. A cikin kowane fikof akwai maganaɗisu da kuma siririyar wayar tagulla, wadda ba ta fi gashin kai kauri ba, an naɗa ta sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi kuma ya haifar da ɗan lantarki a cikin naɗin. Siffar naɗin, da yawansa, da irin maganaɗisun, da wurin da aka dasa fikof ɗin a jikin jita, su ne ke yanke irin amon da zai fito.

Kayan aiki

Ka tanadi mitar awon lantarki mai nuna lambobi, wadda za ta iya karanta turjiya, wato yadda waya ke hana lantarki wucewa, har kilo-om 200 da kuma milibolt. Ka nemi kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ke damƙe abu ya nuna kaurinsa; idan babu, rula mai milimita za ta yi, amma ta roba ta fi, domin ta ƙarfe takan manne wa maganaɗisu ta karce murfin fikof. Sai ƙaramin sukudireba mai kan kuros wanda ya dace da sukurorin jitarka daidai, da kamfas na gane alƙibla, da kebul ɗin jita mai lafiya, da takarda da fensir, da waya mai kyamara, da tsumma mai laushi na shimfiɗawa a kan fenti. Don sakawa za ka bukaci ƙarfen liƙi mai ƙarfin wat 40 ko kusa da haka, da dalmar liƙin kayan lantarki mai ƙaro a cikinta, da ɗan soso mai tauri. Kada ka yi amfani da ƙarfen liƙin nan mai siffar bindiga, domin taransifomar da ke cikinsa tana fitar da ƙarfin maganaɗisu da zai iya raunana fikof, kuma kada ka kusanci dalmar masu aikin famfo, domin sinadarinta yana cin waya. A ƙarshe kana bukatar hanyar naɗar sauti kai tsaye daga jita zuwa kwamfuta, da abin sauraro na kunne mai kyau.

Mataki na 1: Tabbatar cewa fikof ne ke da laifi

Kafin komai, ka rubuta a jimla ɗaya abin da ba ka so a amon jitarka. Ko ya yi duhu, ko ya yi kaifi da yawa, ko ba ya fitowa a tsakanin ganga da sauran kayan kiɗa, ko ƙugin lantarki ya dame ka. Wanda bai iya rubuta wannan jimla ba, bai shirya sayen komai ba tukuna.

Daga nan ka kawar da abubuwan da ke kwaikwayon lalacewar fikof. Tsofaffin tsirkiyoyi su ne na farko, domin sukan dushe amo fiye da yadda mutane ke zato. Sai batir da ya yi sanyi a jita mai batir, wanda ke sa sauti ya riƙa kakkaryewa. Sai fikof da ya nutse ƙasa saboda soson da ke tallafe shi ya mutu. Sai mamurɗin bolum mai datti, da soket ɗin kebul da ya saki. Na taɓa kwance fikof lafiyayye daga wata jita saboda tsirkiya ɗaya ba ta fita sosai, daga baya na gano soson ne ya lotsa ta gefe guda. Idan ka gyara waɗannan duka amma jimlarka tana nan ba ta sauya ba, to ka ci gaba.

Mataki na 2: Gane dangin da fikof ɗinka ya fito

Yawancin fikof ɗin bes suna cikin dangi huɗu, kuma da ido ake gane su.

Na farko shi ne samfurin P, wanda ya samo suna daga Precision Bass na kamfanin Fender. Jitar ta fito a 1951 da fikof mai naɗi ɗaya, amma a 1957 aka sauya shi da wanda ya shahara yanzu: gida biyu gajeru, ɗaya ya ɗan gota ɗaya, kowane yana kula da tsirkiya biyu. An naɗa gidajen biyu ta fuskoki masu saɓani, maganaɗisunsu ma haka, shi ya sa ƙugin lantarkin gida ke kashe kansa a tsakaninsu. Amonsa mai kauri ne, mai cika a tsakiya. Ka lura cewa samfurin 1951 har yanzu ana ƙera shi, kuma raminsa daban ne gaba ɗaya, saboda haka kalmar P kaɗai a jikin kwali ba ta wadatar ba.

Na biyu shi ne samfurin J, daga Jazz Bass da ta fito a 1960. Dogo ne siriri, ana saka guda biyu, ɗaya ta wajen wuya, ɗaya ta wajen jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita. Kowace tsirkiya tana ratsawa ne tsakanin ƙusoshi biyu. Kowanne shi kaɗai yana ƙugi, amma idan aka buɗe su biyun daidai wa daida sai ƙugin ya ɓace. Akwai kuma na zamani masu siffar J a waje amma naɗi biyu a ciki, ko dai ɗaya a kan ɗaya ko gefe da gefe, waɗanda ba sa ƙugi ko da su kaɗai ne. Model J na DiMarzio yana cikinsu.

Na uku shi ne samfurin Music Man, daga StingRay ta 1976: faffaɗa ne, da layi biyu na manyan ƙusoshi, ana dasa shi can kusa da jaki, kuma asalinsa yana tafiya ne da ƙaramin amfilifaya na cikin jita mai aiki da batir.

Na huɗu shi ne wanda makaɗa ke kira sabulu saboda siffarsa, kuma a nan ne aka fi ruɗewa. Sabulu sunan murfi ne kawai. A cikinsa ana iya samun naɗi ɗaya irin na J, ko rababbe irin na P, ko naɗi biyu cikakku, kuma murfin ba zai gaya maka ba. Dabarar ganewa ita ce ka jona jitar da amfilifaya a ƙaramin bolum, ka riƙa ɗan taɓa saman murfin da bakin sukudireba wuri-wuri. Inda ka ji ƙara mai ƙarfi kuma ƙarfen ya manne, a nan maganaɗisu yake. Layi ɗaya a tsakiya yana nufin naɗi ɗaya ko naɗi biyu a kan juna, layi biyu daga gefe zuwa gefe naɗi biyu ne, rabi a sama rabi a ƙasa kuwa rababbe ne.

Jitocin Rickenbacker, da Gibson irin su EB-0 da Thunderbird, da Höfner, kowace da siffarta ta daban, kuma masu maye musu gurbi ba su da yawa. Idan irinsu gare ka, ka nemi wanda aka ƙera musamman da sunan jitar.

Kafin ka wuce, ka sassauta tsirkiyoyi, ka shimfiɗa tsumma, ka kwance sukurorin, ka ɗaga fikof ɗin a hankali ka duba bayansa. Sau da yawa akwai tambari ko lamba ko takarda. Kada ka ja shi da ƙarfi, domin wayoyinsa gajeru ne, kuma inda suka haɗu da siririn naɗin shi ne wuri mafi rauni a jikinsa duka.

Mataki na 3: Awo

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan aiki kimar ido ba ta isa ba, domin milimita 2 ko 3 ne ke raba wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Ka auna tsawon fikof da faɗinsa da zurfinsa, sannan ka auna ramin da ke jikin katakon shi ma, da ramin da ke jikin farantin robar da ke rufe gaban jita idan akwai shi. Ka auna tazarar da ke tsakanin sukurori, daga tsakiya zuwa tsakiya, ka ƙirga yawansu, ka duba ko suna cikin jikin murfin ne ko a kunnuwa da suka fito waje. Ka duba kusurwoyi ma, domin sabulu mai kusurwa a miƙe ba ya shiga ramin da kusurwarsa ta lanƙwasa sosai, ko da tsawo da faɗi sun yi daidai. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗora takarda a kan ramin ka goga gefen fensir har siffar ta fito, sannan ka gwada ta da zanen girma da masu ƙerawa ke wallafawa.

Ga ƙididdigar da za ta taimake ka. A Jazz mai tsirkiya huɗu, na wajen wuya yana da tsawon wajen milimita 92, na wajen jaki kuwa wajen 95, domin tsirkiyoyi suna ƙara warwatsuwa yayin da suke nufar jaki. Amma ba kowace jita mai siffar Jazz ce ke bin wannan ba. Akwai waɗanda ramukansu biyu tsawonsu ɗaya, saboda haka ka auna kowanne, kada ka auna ɗaya ka ɗauka ka san ɗayan. Kowane gida na P yana da wajen milimita 57 a tsawo da 28 a faɗi. Kamfanin EMG ya sauƙaƙa nasa, domin lambar ita ce tsawon: 35 na nufin inci 3.5, wato wajen milimita 89, 40 inci 4 ne, 45 kuma inci 4.5, dukkansu faɗin inci 1.5. Bartolini kuwa yana da siffofi masu yawa da yake yi wa laƙabi da haruffa, irin su BC da BD da P2 da MK1, kuma ba sa musanyuwa da juna. A jita mai tsirkiya biyar babu wani girma guda da kowa ya amince da shi, musamman a samfurin J.

Awo na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Ka auna daga tsakiyar tsirkiya mafi kauri zuwa tsakiyar mafi siriri, daidai saman kowane fikof, ba a kan jaki ba. A jitocin Fender masu tsirkiya huɗu tazarar tsirkiya da tsirkiya a kan jaki wajen milimita 19 ce, amma a wasu jitoci masu tsirkiya biyar tana iya sauka zuwa 16.5. Idan sabon fikof mai ƙusoshi ne kuma ba su dace da wannan tazara ba, tsirkiyoyin gefe za su yi rauni. Idan tazararka baƙuwa ce, ka nemi wanda ke da doguwar sandar ƙarfe a maimakon ƙusoshi, domin ita tana ɗaukar sauti a duk tsawonta.

Idan kuma ka ƙwallafa rai a kan wanda bai shiga ba, zaɓi biyu gare ka. Wanda ya gaza ramin za a iya saka shi a cike gefen da sabon farantin roba. Wanda ya fi ramin sai an faɗaɗa katako, wannan kuwa ba ya gyaruwa idan an yi, kuma yana rage darajar jita mai tsada. Ni ban cika ba da shawararsa ba.

Mataki na 4: Mai batir ne ko marar batir

Ganin batir a jita ba ya nufin fikof ɗin kansa mai batir ne. Yawancin jitoci masu batir fikof ɗinsu na gargajiya ne, ƙaramin amfilifayan da ke cikin ramin wayoyi ne ke shan wutar. Ka bi jar wayar batir da ido. Idan ta tsaya a kan allon amfilifayan, fikof ɗinka marar batir ne, kuma kusan kowane marar batir da ya shiga ramin zai yi aiki. Idan kuwa akwai wayar wuta da ta zarce har cikin fikof, kamar yadda yake a yawancin na EMG, to shi kansa mai batir ne.

Bambancin yana da tasiri ga aljihu da kuma yawan aiki. Marasa batir na P da J suna tafiya da mamurɗai masu kilo-om 250, masu naɗi biyu kuma sau da yawa da 500. Na EMG masu batir suna son 25. Komawa daga marar batir zuwa mai batir yana nufin sauya mamurɗai duka, da saka soket mai ƙafa uku wanda ke katse wuta idan an zare kebul, da samar wa batir mai bolt 9 wurin zama. Ka gwada saka batir ɗin a ramin wayoyi ka rufe murfin kafin ka sayi komai. Haɗa mai batir da marar batir a jita ɗaya yana yiwuwa, amma ba aikin sabon shiga ba ne.

Mataki na 5: Auna turjiya

Ba sai ka kwance komai ba. Ka jona kebul a jitar, ka bar ɗaya bakin a hannunka, ka buɗe bolum har ƙarshe, ka saita mita a kan kilo-om 20, ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan bakin kebul, ɗaya a jikinsa. Kada yatsunka su taɓa tsinkayen biyu a lokaci guda, domin jikinka ma zai shiga lissafin. Samfurin P na gargajiya yakan nuna tsakanin kilo-om 10 da 11.5, na J tsakanin 7 da 8.5 kowanne. A Jazz ka rufe bolum ɗaya ka auna ɗayan. Idan ka buɗe duka biyun za ka ga wajen rabi. Lambar da ka samu ta kebul za ta gaza ta gaskiya kaɗan saboda mamurɗin yana cikin hanya: fikof mai kilo-om 11 da mamurɗi mai 250 zai nuna wajen 10.5. Idan mita ta nuna babu hanya ko kaɗan, naɗin ya tsinke, sai dai in fikof ne mai turjiya fiye da kilo-om 20, irin na EB-0. Idan ta nuna kusan sifili, waya ta taɓa waya a wani wuri. A jita mai amfilifaya na ciki wannan gwaji ta kebul ba ya aiki, sai an cire wayar fikof daga allon, fikof mai batir kuwa ba a auna shi ta wannan hanya sam.

A nan dole in tsaya, domin wannan lamba ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Turjiya ba ƙarfin sauti ba ce. Tana nuna tsawon waya da siririntarta ne kawai. Waya mai lamba 43 ta fi mai lamba 42 siranta, saboda haka naɗi iri ɗaya zai ba da turjiya mafi yawa ba tare da ƙarin ƙarfi ba. Fikof ɗin StingRay, wanda aka haɗa naɗinsa biyu kafaɗa da kafaɗa, yana nuna wajen kilo-om 2, na EB-0 kuwa wajen 30, amma wannan ba ya nufin ɗaya ya ninka ɗaya ƙarfi sau goma sha biyar. Zafin ɗaki ma yana taɓa ta, domin turjiyar tagulla tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, wato ƙarin digiri 10 zai mayar da 11 ya koma wajen 11.4. Inda lambar ke da amfani shi ne tsakanin 'yan gida ɗaya: P biyu masu waya iri ɗaya da maganaɗisu iri ɗaya, wanda ya fi turjiya zai fi ƙarfi da cikar tsakiya, ya kuma rage kaifi. Idan mai ƙerawa ya ba da lambar henri, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisun da naɗin ke iya tarawa, ita ta fi nuna hali. Yawanta yana nufin amo mai duhu da kauri.

Mataki na 6: Maganaɗisu da fuskar da yake kallo

Ka juya fikof ɗin. Idan ka ga baƙar sanda ko biyu manne a ƙasa, ƙusoshin kuma ƙarfe ne kawai, maganaɗisun siramik ne. Idan ƙusoshin sun ratsa daga sama har ƙasa ba tare da wata sanda ba, su da kansu ne maganaɗisun, kuma alniko ne, wato gaurayen ƙarfe da alminiyam da nikel da kobal. Alniko mai lamba 5 shi ne aka saba gani a samfuran Fender na gargajiya. Akwai kuma niyodimiyam, mai ƙarfi ƙwarai duk da ƙanƙantarsa. Ana yawan cewa siramik na masu araha ne, alniko na manya, amma ban yarda da wannan ba. Gaskiya ne masu araha sun fi amfani da siramik, sai dai Model P na DiMarzio ma siramik ne, kuma makaɗa sun daɗe suna neman sa saboda ƙarfinsa da yadda yake ratsa kiɗa mai hayaniya.

Idan fikof ɗaya kawai za ka sauya a jita mai guda biyu, gwaji biyu sun wajaba. Na farko, ka kawo kamfas saman kowanne ka rubuta wane bakin allura yake ja. Na biyu, ka saita mita a milibolt na wutar batir, jan tsinke a kan wayar sauti, baƙi a kan wayar ƙasa, ka kwantar da sukudireba a kan ƙusa, sannan ka fizge shi sama ka lura ko lambar ta yi tsalle zuwa ƙari ko ragi. Fikof biyu da za su yi aiki tare dole su yi tsalle ta fuska ɗaya. Idan sun saɓa, za ka ji amo siriri marar gindi duk lokacin da ka buɗe su tare, maganinsa kuma shi ne musanya wayoyi biyu na ɗayansu. A J biyu abin da ake so shi ne tsalle ta fuska ɗaya, kamfas kuma ta fuskoki masu saɓani, domin wannan ne ke kashe ƙugi. Shi ya sa sayen su biyu daga gida ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Mataki na 7: Tace jerin

Yanzu ka zana tebur, kowane ɗan takara da layinsa: girma, tazarar ƙusoshi, batir, naɗi, maganaɗisu, turjiya, yawan wayoyi. Ka soke duk wanda ya faɗi a girma ko tazara, komai yabon da ake yi masa. Sauran ka gwada su da jimlar da ka rubuta a matakin farko. Mai kukan ƙugi ya nemi mai naɗi biyu. Mai kukan duhu ya nemi mai ƙarancin naɗi, ko ma ya fara gwada mamurɗi mai kilo-om 500. Mai son ƙarfi ya duba masu yawan naɗi ko manyan ƙusoshi, irin SPB-3 na Seymour Duncan da ƙusoshinsa ke da faɗin rubu'in inci, yayin da SPB-1 na gidan ke bin salon da. Fikof mai waya huɗu yana ba ka damar haɗa naɗinsa a jere ko kafaɗa da kafaɗa, wato amo biyu a abu ɗaya.

Ka tuna wurin zama yana rinjayar komai. Fikof ɗin Music Man da aka dasa a gurbin P ba zai yi amon StingRay ba. Ko a Jazz kanta, matsar da na jaki da Fender ya yi da wajen santimita 1 a farkon shekarun 1970 ya isa ya sauya amon har kunne ya ji. Idan na hannu za ka saya, ka nemi a auna maka turjiya a gabanka ko a hoto, ka duba tsawon wayoyin, ka kuma yi hattara da sananne da aka karya wa farashi ƙwarai, domin jabu suna yawo.

Mataki na 8: Sakawa da daidaita tsayi

Ka zare kebul daga amfilifaya, ka cire batir idan akwai, ka ɗauki hoton wayoyi ta kusurwa biyu ko uku kafin ka narka komai. Kada ka dogara da launin waya. A Fender fari ne na sauti, baƙi na ƙasa, amma a masu waya huɗu na Seymour Duncan baƙi ne na sauti, a na DiMarzio kuwa ja. Takardar da ta zo da fikof ɗin ita ce abin bi. Idan ba ka da ƙarfen liƙi, ko kana son gwaji kawai, ka yi amfani da maƙalai masu bakin kada ka haɗa wayoyin na wucin gadi, amma ka haɗa duk 'yan takarar ta hanya ɗaya, domin fikof da ya tsallake mamurɗai yakan fi kaifi. Ka saka sabon soso, kuma ka gwada tsawon sababbin sukurori da kaurin jikin jita, kada su ɓullo ta baya.

Don tsayi, ka danne tsirkiya a kan ƙarfen wuya na ƙarshe, ka auna daga ƙasanta zuwa saman ƙusa. Ka fara da wajen milimita 3 a gefen masu kauri, da 2 zuwa 2.5 a gefen sirara, sannan ka riƙa murɗa rabin zagaye kana saurare har tsirkiyoyin duka su yi ƙarfi ɗaya. Kusanci da yawa yana sa maganaɗisu ya ja tsirkiya, sautin ya riƙa rawa, ya kuma mutu da wuri.

Mataki na 9: Kwatantawa da kunne

Kunne ba ya riƙe amo na tsawon lokacin da ake ɗauka ana sauya fikof, kuma duk abin da ya fi ƙara yakan ji kamar ya fi daɗi. Saboda waɗannan dalilai biyu, naɗar sauti wajibi ne, kuma ka fara da tsohon fikof kafin ka cire shi. Ka yi amfani da tsirkiyoyi ɗaya da suka yi kwana biyu ko uku ana kaɗa su, kebul ɗaya, mamurɗai a buɗe, ba tare da wani gyaran amo ba. Ka naɗi kowace tsirkiya a sake, sannan hawa daga gindin wuya zuwa samansa, sannan wani layi da ka saba kaɗawa da yatsu, da irin salon da ka fi yi a fage, sannan daƙiƙa 10 na shiru da hannunka a ɗage don jin ƙugi. Ka maimaita wannan da kowane fikof, hannun damanka a wuri ɗaya, domin matsar da yatsu kaɗan zuwa jaki yana sauya amo fiye da yadda wasu fikof biyu suka bambanta.

Bayan haka ka daidaita ƙarfin naɗe-naɗen a kwamfuta su zama ɗaya, ka sa wani ya sauya musu suna zuwa lambobi ba tare da ka sani ba. Ka saurara da abin da zai iya fitar da gindin sauti. Tsirkiyar E, mafi kauri a jita mai huɗu, tana kaɗawa ne a wajen haz 41, wato sau 41 a daƙiƙa, ta B a jita mai biyar a wajen 31, lasifikar waya kuwa ba ta kaiwa nan. Ka saurara su kaɗai, sannan ka ɗora su a kan ganga da sauran kayan kiɗa, domin a nan ne nake yawan sauya ra'ayi: wanda ya fi daɗi shi kaɗai, mai gindi da kaifi amma marar tsakiya, yakan ɓace da zarar an haɗu, wanda kuma ya ji kamar mai kaushi sai ya zauna daram.

Gwaji ɗaya ya rage wanda naɗar sauti ba ta nunawa. Ka ɗaga bolum ɗin amfilifaya zuwa yadda kake kiɗa da jama'a, ka danne tsirkiyoyi da hannu, ka ƙwanƙwasa murfin fikof da farce. Idan ka ji ƙwas mai ƙarfi kamar makirfo, ko ya fara kuwwa, naɗin wayar bai sha kakin da ke hana shi motsi sosai ba ko murfin yana motsi, kuma a fage zai dame ka. Wanda ya tsallake wannan, ka kaɗa shi na mako ɗaya ko biyu kana ɗan taɓa tsayinsa kafin ka yanke wayoyinsa zuwa tsawon dindindin, domin fikof mai gajerun wayoyi yana da wuyar mayarwa ko sayarwa. Tsohon kuma ka naɗe shi a tsumma tare da sukurorinsa, ka rubuta turjiyarsa da gurbin da ya fito a takarda, ka ajiye shi nesa da lasifika da sauran maganaɗisu.